Babi na Biyar: Jinin Samartaka

Duk wanda ya taɓa tayin dabba a kasuwar Talata Mafara ya san bambancin bunsuru da taure tun kafin ya kai hannu. Bunsuru hanci ne ke fara sanar da kai yana kusa. Ga wuya ya yi kauri, ga gemu, ga ƙaho, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: in an ɗaure shi kusa da ɗan'uwansa sai an raba faɗa, in akuya ta gitta sai igiya ta kusa tsinkewa. Taure kuwa yana tsaye yana tuƙa abinsa, jiki sumul, kitse ya kwanta, mahauci na latsa gadon bayansa yana rage kuɗi. Ta yiwu uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya, suka ci dusa a kwano ɗaya. Abin da ya raba su kawai, an dandaƙe ɗaya tun yana ƙarami.

Makiyaya sun daɗe da sanin wannan a kan dabbobi, fadojin sarakuna kuma sun san shi a kan mutane. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba babanni muƙaman fada. Yaron da aka yi wa wannan aika-aika kafin ya balaga, gemu ba ya fito masa, muryarsa ba ta buɗewa, sanƙo ba ya kama shi ko ya tsufa, ƙafafunsa da hannuwansa su yi zaƙo-zaƙo. Kowa ya ga haka. Abin da ya gagari sani shi ne ta wace hanya 'ya'yan maraina ke ba haɓa da maƙogwaro da zuciya umarni.

A 1849 wani likita a garin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka nan zankonsu bai girma ba, ba su yi cara ba, ba su kula kaji ba. Wasu kuwa ya mayar musu da ɗan maraina guda, amma ya dasa shi cikin ciki, nesa da mazauninsa. Waɗannan suka tashi zakaru sosai, da cara da faɗa da bin kaji. Da ya yanka su ya duba, ya tarar hanyoyin jini sun kama abin da ya dasa, amma babu jijiyar saƙo da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ashe ta jini umarnin ke tafiya. Sai a 1935 ayarin Ernst Laqueur a Amsterdam suka tace sinadarin, kimanin miligiram 10 daga kilo 100 na marainan bijimai, suka sa masa suna testosteron. A shekarar ce kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin gwaji, aka ba su kyautar Nobel a 1939.

Jiki na ƙera shi ne daga kolestarol, wannan maiƙon da likitoci ke yi wa masu hawan jini kashedi a kansa. Namiji baligi yana da nanogiram 300 zuwa 1,000 a kowace desilita ta jini, ya fi yawa da asuba, ya ragu da yamma. Mace ma tana da nata, 15 zuwa 70, kuma tana buƙatarsa don ƙashi da tsoka da sha'awa. Wani abin mamaki, jiki kan juya wani kaso nasa ya koma estirojin, sinadarin da aka fi sani da mata, kuma shi ne ke rufe bakin ƙashi ya tsayar da tsawo. Dalilin da ya sa babanni ke zarcewa da tsayi ke nan: babu abin da zai ce wa ƙashinsu ya isa haka.

Aikin testosteron mafi girma yana yin sa ne tun uwa ba ta fara jin motsi ba. Makonni shida na farko, ɗan tayin mace da na namiji ba su da maraba. Idan akwai wata ƙwayar gado da ake kira SRY, wadda aka gano a 1990, sai maraina su samu, daga wajen mako na takwas su fara fitar da testosteron, shi kuma ya siffanta gaban namiji. Yakan sake tashi a watannin farko bayan haihuwa, yaro na goye, sannan ya kwanta shiru har shekara goma da wani abu.

Inda aka fi gane ƙarfinsa shi ne inda aikin ya karkace. A ƙauyen Las Salinas na Jamhuriyar Dominika, likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoto a 1974 kan yaran da ake haifa da siffar mata, a raine su mata, in sun kai shekara goma sha biyu murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, gaban namiji ya bayyana. Jikinsu ba ya iya juya testosteron zuwa wani nau'insa mai ƙarfi da ake buƙata a mahaifa, sai da ambaliyar balaga ta zo ta ƙarasa aikin. Akwai kuma akasin haka: mai ƙwayoyin gado na namiji, maraina na ɓoye a ciki suna fitar da sinadarin, amma jiki ba ya jin saƙon ko kaɗan, sai ta tashi mace a siffa da ɗabi'a, ba a ganewa sai an ga al'ada ta ƙi zuwa. Yawan sinadari a jini ba shi kaɗai ne magana ba, sai da kunnen da zai ji shi.

A wajenmu jaririn da aka kasa tantance gabansa ana ce masa mata-maza, ungozoma da kaka su rufe zancen don kunya. Wannan rufin asiri na iya cin rai. Akwai nau'in da ƙullutun da ke bisa ƙoda ne ke fitar da sinadaran maza fiye da kima, a lokaci guda kuma jiki na zubar da gishiri. Jaririn yakan fara amai, ya ƙi nono, ya bushe cikin mako biyu ko uku na farko. Yana da magani idan an kai shi da wuri. Daga Mafara, titi ɗaya ne ke kai mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin tarayya na Gusau.

'Yan matan da ke da wannan larura su ne suka fi ba masana haske kan ƙwaƙwalwa. Binciken Sheri Berenbaum da Melissa Hines a 1992 ya nuna, in an baje kayan wasa, sun fi sauran 'yan mata ɗaukar mota da kayan gini. Wannan gaskiya ne, an kuma maimaita gwajin. Amma magana ce ta galibi, kuma mafi yawansu suna girma suna ɗaukar kansu mata. A fannin lissafi ko hazaƙa kuwa, abin da ya haɗa maza da mata ya fi abin da ya raba su nesa ba kusa ba, don haka kada wani ya ɗauki wannan babi ya je ya cire 'yarsa daga makaranta.

Sai balaga. Ƙwaƙwalwa ce ke buɗe ƙofa, ta aika wa maraina saƙo, sinadarin ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Zakaran wuya ya fito, murya ta fashe, kafaɗa ta buɗe, kuraje su feso, jini ya ƙara kauri. Sai dai jiki ba ya buɗe wannan ƙofa sai ya ga akwai hali. Masu bincike na Jami'ar Durham sun auna maza 'yan asalin Bangaladash a 2018, suka tarar waɗanda aka kai Landan tun suna yara sun fi waɗanda suka girma a Sylhet yawan testosteron, sun riga su balaga, sun fi su tsawo. Jini ɗaya, ƙuruciya daban. Jikin da ya sha fama da cuta da ƙarancin abinci yakan zuba ƙarfinsa wajen tsira, ya rage na gina tsoka. Wanda ya leƙa sashen yara masu tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a babban asibitin Talata Mafara ya san wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Haka ma mai ciwon sikila, sau da yawa sa'o'insa kan riga shi balaga da shekara biyu, ana yi masa dariya a makarantar kwana alhali ba laifinsa ba ne.

Yanzu ga inda gardama take. Dattijo in ya ga saurayi na tada jijiyar wuya sai ya ce, "Ƙyale shi, jini ne ke ɗibarsa." Bature ma haka yake faɗa, sai dai shi ya sa wa jinin suna. Fahimtar duka ɗaya ce: sinadarin ya yi yawa, shi ya sa ake faɗa. To, an tara bincike masu yawa an auna, an tarar alaƙar yawan testosteron ɗin mutum na yau da kullum da yawan faɗansa mai rauni ce ƙwarai. Ba za ka ɗebi jinin samari goma a Bakura ka nuna wanda zai fasa wa wani kai ranar kasuwa ba.

Abin da ya fi tabbata shi ne yadda yake hawa da sauka gwargwadon abin da ke gaban mutum. Je filin dambe da kaka, bayan an kai amfani gida. Ɗan dambe na tsugune ana naɗe masa hannu da zare, layu a damtse, makaɗi ya matso da kalangu har kusa da kunnensa yana ambaton ubangidansa da garinsu da mazan da ya kashe. Ka dubi fatar hannunsa, tsuma yake. Ya miƙe ya yi kirari, ya tako tsakiyar fili. A irin wannan lokaci, kamar yadda aka auna a 'yan kokawa da 'yan judo da 'yan wasan tanis, sinadarin kan tashi tun kafin a kai naushin farko. Bayan an tashi, sau da yawa na wanda ya yi kisa yakan daɗe a sama, na wanda ya sha ƙasa ya sauka. Har 'yan kallo ba su tsira ba. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994, an ɗebi yawun wasu magoya bayan Barazil da na Italiya da ke kallo a talabijin a Amurka. Na 'yan Barazil ya hau, na 'yan Italiya ya faɗi. Mutanen da aka auna kaɗan ne, amma duk wanda ya tuna yadda Italiya ta fitar da Najeriya a gasar nan ya san yadda gwiwa ke sanyi.

Lura da wani abu a filin nan. Mutumin da jikinsa ke rawa don son naushi ba ya taɓa alƙalin wasa, ba ya kai wa ubangidansa hannu, in abokin karawa ya kai ƙasa ba ya bin sa da duka, wani lokaci ma shi zai ɗaga shi. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙar da har gobe ake saurare, da hannu ɗaya da ƙa'idar fili ya yi suna. A 1977 Alan Dixson da Joe Herbert sun gwada wannan a kan wasu ƙananan birai na Afirka ta Tsakiya. Kowane biri ya san na gaba da shi da na bayansa. Suka ɗura wa na tsakiya testosteron mai yawa. Faɗansa ya ƙaru, amma a kan na ƙasa da shi kaɗai; manyan yana nan yana kauce musu kamar da. Sinadarin bai rushe tsarin da birin ya koya ba, ƙara masa zafi ya yi a cikinsa.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa an yi shi ne a Zurich, aka buga a 2010. Christoph Eisenegger da abokan aikinsa sun ba wasu mata testosteron, wasu kuma maganin banza, ba wadda ta san abin da ta sha. Aka ba kowace kuɗi ta raba da wata, da sharaɗin in waccan ta ƙi rabon, duka sun yi asara. Waɗanda suka sha na gaskiya sun fi yin rabon adalci, don a wannan wasa mutunci na wajen wanda ba a mayar masa da tayinsa ba. Waɗanda kuwa suka zaci sun sha, ko da ba su sha ba, su suka fi yin rowa da danniya. Sunan da sinadarin ya yi ya fi shi kansa ɓata hali.

Kada kuma a ɗauka sai an yi gaba da wani yake tashi. Ben Trumble ya auna mutanen Tsimane, manoma a dajin Bolibiya, ya buga a 2013: wasan ƙwallo ya ɗaga musu shi da kimanin kashi 30 cikin ɗari, amma saran itace na awa ɗaya don share gona ya ɗaga shi da kusan kashi 48, har ga tsofaffi. Wanda ya taɓa ganin gayya, samari sun jeru kowa da kunyarsa, 'yan mata na kawo fura, ana kallon wa zai fara fita ƙarshen gona, ya ga wannan da idonsa. Shi ya sa nake ganin testosteron makaɗi ne. Ba shi ke zaɓen fili ba. In an kai shi gona ya kaɗa gangar noma, in an kai shi dambe ya kaɗa kalangu, duk inda jama'a suka ajiye girma nan yake zuga saurayi ya nufa.

Wannan ya kawo mu maganar da ba a son yi da ƙarfi a ƙasar nan. A 2021 kaɗai, an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, an ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. Da yawa daga waɗanda suka dawo daga daji abu ɗaya suke faɗa: yara ne ke riƙe da bindigogin, wasu ko gemu ba su tara ba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na masu kisan kai a duniya maza ne, kuma samari sun fi yawa. Ba za a ce halitta ba ta da hannu ba. Saurayi na da ƙarfin jiki da son a san da shi, ga shi sashen goshi na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Amma kakannin waɗannan yaran da irin wannan jinin suka yi samartaka, a shaɗi da kokawa da farauta suka ƙarar da shi, ana tafiya Gusau da dare ba fargaba. Maraina ba su canza ba cikin shekara ashirin. Abin da ya canza shi ne burtali da makiyaya da aka cinye, shanun da aka sace, hukuncin da ba a yi ba, bindiga da ta yi arha, da kuma wanda yaro ke gani ana sara wa. Idan mai babur da bindiga shi ne ake tsoro, ake zuwa sulhu wajensa, to an nuna wa makaɗi fili.

Tarihin madatsar Bakolori ma na da abin faɗa. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, don ban ruwan filayen Mafara da Bakura da Maradun. Da aka karɓe gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin, har aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka kashe mutanen da har yau ana saɓani kan yawansu. Masu gonakin nan magidanta ne masu iyali, waɗanda a lissafin sinadari su ya kamata su fi kowa sanyi. Ƙasa aka taɓa musu.

Na ce a lissafi su suka fi sanyi, don maganar iyaye ta "a yi masa aure ya natsu" tana da ƙamshin gaskiya. A birnin Cebu na Filifin an bi samari 624 daga 2005 zuwa 2009. Waɗanda nasu ya fi yawa tun farko su suka fi saurin samun mata, amma da suka haihu sai ya sauka da kashi 26 cikin ɗari da safe, kashi 34 da yamma, ya fi sauka kuma ga masu ɗaukar awa uku ko fiye a rana suna hidimar yaro. Sharaɗin yana nan. A Tanzaniya, Martin Muller ya kwatanta maƙwabta biyu a 2009: Hadza, mafarauta da ke goyo da kwana da 'ya'yansu, da Datoga, makiyaya da ke barin raino ga mata. Na iyayen Hadza ya sauka, na iyayen Datoga bai bambanta da na gwauraye ba. A karkarar Senigal kuma an tarar masu mace fiye da ɗaya da ba su kai hamsin ba sun fi masu mace ɗaya yawansa. Ɗaurin aure da raba goro ba su kaɗai ke saukar da shi ba, zama da jariri ne ya fi. Magidancin da ke wuni a majalisa, in yaro ya yi kuka ya ce "Ke, zo ki ɗauki ɗanki," jikinsa bai san ya haihu ba.

Daga wajen shekara arba'in testosteron yakan riƙa raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, a nan ne mai tallan maganin maza da lasifika a bayan mota yake samun kasuwa. Sana'ar tsohuwa ce. A 1889 wani babban likita a Faris, Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan kare da na ɓeran Masar, ya sanar cewa ƙarfinsa ya dawo. Daga baya aka gano abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi komai ba, amma kafin nan dubban mutane sun saya. Mafi yawan masu raunin gaba yau ba testosteron suka rasa ba. Ciwon suga ne, ko hawan jini, ko taba, ko damuwa. Masu rashin na gaske kuma sau da yawa da hannunsu suka jawo. Tiramadol da kodin da danginsu suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, kuma binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ke shan irinsu ba da izinin likita ba a Najeriya. Saurayin da ke haɗiyar ƙwaya don ya wuni yana yankan shinkafa ko don ya daɗe da iyali, abin da yake nema shi yake kashewa. Rashin barci ma haka: a Jami'ar Chicago an taƙaita wa samari barci zuwa awa biyar na mako ɗaya, nasu ya ragu da kashi 10 zuwa 15.

Mai zargin nasa ya yi ƙasa, gwajin jini ake yi da safe, a maimaita wata rana kafin a yanke magana. Allurar da wasu masu kemis ke yi wa mutane ba gwaji tana da wata illa da ba sa faɗa. In ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini daga waje, sai ta daina aika saƙo, maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu har su ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosteron ta mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ta buga sakamakon a 1990, kuma yawancin waɗanda aka yi wa sun daina fitar da ƙwayar haihuwa cikin wata shida. Ga wanda ya je neman allurar don amarya ta shekara biyu ba ciki, sai an dakatar da ita, a jira watanni, kafin a san ko matsalar tasa ce ta asali ko ta allurar.